Neman Littafin Allura: Leshi, Zanen Riga da Bugu a Tarihin Ƙasar Hausa

Malamin da aka ɗora wa koyar da sana'ar hannu a wata makaranta ta Bakura, ko Talata Mafara, ko Maradun, abin da zai fara nema shi ne littafi. In da lissafi ne ko labarin ƙasa, da bai sha wahala ba. Amma ran da ya ce zai koya wa yara aikin babbar riga irin na kakanninsu, tun daga zane har zuwa bugu, sai ya ga abin da ke hannunsa bai wuce 'yan shafuka ba cikin littattafan al'adu, su ma labarin sana'ar su ke bayarwa, ba su gaya wa mutum inda zai soka allura. Wannan takarda ta bi sawun dalilin haka. Za mu duba yadda aikin allura ya zauna a ƙasar Hausa shekaru aru-aru ba da littafi ba, da wuraren da ɗan abin da aka rubuta ya warwatsu, da kuma sashen aikin da ya fi ko wane rasa mai rubuta shi, watau gamawa. Don mu fahimci namu sosai, za mu fara leƙa na waɗansu mutane da suka riga mu shiga wannan hali, su ne masu leshin hannu na ƙasashen Turai.

Leshi da littattafansa

Yau in aka ce leshi a kasuwar Gusau ko Kantin Kwari, abin da ke zuwa zuciya shi ne yadin nan mai huji-huji da mata ke ɗinkawa don biki. Wannan aikin inji ne, za mu zo kansa a gaba. Leshi na asali da hannu a ke yinsa, kuma iri biyu ne. Na farko na allura ne. A kan zana fure a jikin fata mai laushi, a bi layin zanen da zare, sa'an nan a yi ta ɗora ƙulli bisa ƙulli a tsakanin layukan har wurin ya cika. In an gama sai a yanke zaren da ya riƙe aikin a jikin fatar, a ɗago shi, ga ado tsaye da kansa babu ƙyalle a ƙarƙashinsa. Mutanen Benis ta ƙasar Italiya, waɗanda suka shahara da shi tun ƙarni na 16, sun ba shi wani suna mai ma'anar ɗinki a iska. Na biyu kuwa na 'yan sanduna ne. A kan naɗa zare a jikin ƙananan itatuwa masu kama da ƙwarƙwaron masaƙi, a kafa tsinkayen ƙarfe a matashi bisa takardar da aka hudhuda, a yi ta sarƙa zaren kamar mai kitso.

Masu buga littattafai ba su yi jinkirin gane cewa akwai kasuwa a wannan wuri ba. Tun wajen 1523 Johann Schönsperger na birnin Augsburg ta Jamus ya fara fid da littafin zane don masu ɗinki da masu saƙa. Cikin 1557 aka buga Le Pompe a Benis, shi ne na farko da aka keɓe don leshin 'yan sanduna. Wajen 1561 wani ya fito a Zurik, wanda mai shi bai bayyana sunansa ba sai haruffa biyu, a cikinsa ne aka ce fatake suka kawo sana'ar daga Italiya cikin 1536. Federico Vinciolo ya fid da nasa a Faris cikin 1587, aka yi ta sake bugawa, Cesare Vecellio ya bi baya a Benis cikin 1591. Sa'ad da wani Bajamushe, Arthur Lotz, ya zauna ya lissafta irin waɗannan littattafai cikin 1933, ya sami fiye da 150.

To, ga abin da ya kamata malamai su lura da shi. Galibin littattafan nan zane ne zalla. Ba su faɗi yadda za a riƙe allura ba, ba su faɗi kaurin zare ba, balle yadda za a wanke aikin in an gama. Mai bugawa ya ɗauka duk matar da ta sayi littafin ta riga ta koya daga uwarta ko malamarta, abin da ta ke bukata sabon fure ne kawai. Har wa yau kuma amfanin littafin shi ne ajalinsa, gama a kan yage shafin, a huda shi da tsinke, a zuba garin gawayi don zanen ya sauka a ƙyalle. Shi ya sa waɗansu daga cikinsu kofi ɗaya ko biyu kaɗai suka saura a duniya, har sai da wani mai buga littattafai na Benis, Ferdinando Ongania, ya riƙa bin su yana sake bugawa daga shekarun 1870.

Littafin da ke koyarwa dalla-dalla bai yawaita ba sai da sana'ar ta fara ganin ajalinta. Cikin 1809, shekarar da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, John Heathcoat ya sami takardar mallakar injin da ke saƙa raga a Ingila, aka yi ta gyara injin har leshi ya zama abin da talaka ke iya saye. Masu aikin hannu suka yi ta raguwa. Sa'an nan ne masana suka farga. Uwargida Bury Palliser ta rubuta tarihin leshi cikin 1865, Thérèse de Dillmont kuma ta fid da babban littafinta na aikin allura cikin 1886, wanda kamfanin zare na DMC ya yi ta bugawa cikin harsuna da yawa.

Allura a ƙasar Hausa

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bahaushe da ɗinki a iska? Ya ɗauko tsohuwar riga mai aska takwas ya ɗaga aljihunta wajen haske. Zai ga ɗaruruwan ƙananan huji, ko wanne an buɗa shi da tsinke an kewaye bakinsa da ƙulli, irin ƙullin nan dai da mutanen Benis ke yi. Akwai kuma aikin da a ke kira shabka, inda zare ke hawa kan zare har ya zama kamar raga. Kalmar daga Larabci ta ke, ma'anarta raga, kuma da wannan suna ne mutanen Tunas da Aljeriya ke kiran leshin allura nasu har yau. Alharini ma, jan silikin nan da a ke shafin riga da shi, sunansa daga Larabci ne, shi kansa kuwa raƙuma ne suka riƙa ɗauko shi daga Tarabulus ta Gadamas. A namu gani, sunayen nan biyu sun isa su nuna cewa maɗinkin Hausa bai zauna shi kaɗai ba, yana cikin wata babbar zuri'a ta masu allura da ta kewaye Bahar Rum da Sahara. Amma fa yana da nasa na gida, watau tsamiya, silikin da wata tsutsa ke saƙawa a jikin itatuwa, wanda a kan dafa da ruwan toka a kaɗa shi ya zama zare.

Zamanin Daular Sakkwato ne aikin riga ya kai matuƙa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin wasiƙar nan da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a, ya zaunar da su a ko wane gari, ya ambaci maɗinka da marina a cikinsu. Ban da wannan, riga ta zama harshen mulki. In za a naɗa hakimi da riga da rawani a ke naɗa shi, in za a gai da na gaba da riguna a ke gaishe shi, in baƙo ya sauka da riga a ke sallamarsa. Saboda haka bukata ba ta yanke ba, Kano da Zazzau da Bida da Ilori suka zama manyan wuraren aiki. Dakta Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano cikin 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa daga can a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Ƙasar Zamfara kuwa tana daga cikin wuraren da ke ciyar da wannan sana'a da auduga. Barth ya ratsa ta cikin 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, ya ga auduga jibge a kasuwar Badarawa. Mata su gurje, su shiɓe, su kaɗa, masaƙa su saƙa ƙwarya-ƙwarya, marina su rina, maɗinki ya harhaɗa, kafin a zo ga mai zane da mai aiki da mabugi. Riga ɗaya ta kan ratsa hannuwa bakwai ko takwas, in babba ce ta ci watanni. Daga baya Turawa suka juya bakin audugar zuwa Ingila. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa cikin 1902, ya gina injin gurzar auduga a Gusau da Mayanci, jirgin ƙasa kuma ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Audugar da mazari zai ci sai ta koma fulotin awo.

Alƙalami a jikin riga

Abin mamaki a nan shi ne, masu aikin riga ba jahilai ba ne. Galibi malamai ne da almajiransu. S. F. Nadel, wanda ya zauna a Bida ya fid da littafinsa A Black Byzantium cikin 1942, ya nuna cewa ɗinki da aikin riga sana'a ce da malamai ke riƙe kansu da ita, haka kuma abin ya ke a zaurukan Zazzau da Kano. Dalili a fili ya ke. Sana'a ce mai tsabta, a zaune a ke yinta, ba ta hana sauraron karatu, almajiri kuwa da ita ya kan sami na abinci. Mai zane da alƙalamin kara da tawada ya ke aiki, kayan da ya ke rubuta allo da su. Wanda ya saba da zayyanar allon sauka, ya saba da hatimi, ba zai ga baƙon abu ba in ya dubi gidan biyar, ko tambari, ko dagi a ƙirjin riga.

Ga mutane masu alƙalami a hannu, waɗanda suka rubuta fiƙihu da nahawu da tarihi da magani, amma ba su ga dalilin rubuta abin da yatsunsu ke yi kullum ba. Ba sakaci ba ne. Yaro yana zaune gefen maigidansa tun yana ɗan shekara goma, a fara ba shi cika wurin da aka riga aka kewaye, in hannunsa ya faɗa a ba shi cin wuya, daga nan linzami, har ran da za a amince masa da aska. Gani ya kori ji, balle karatu. Zanen kansa kuwa a jikin ƙyallen a ke yinsa, zare ya hau kansa ya rufe shi, abin da ya leƙo wanki ya tafi da shi. Ka ga ke nan littafin maɗinkin Hausa da na matar Benis ajalinsu ɗaya, aikin da aka yi su dominsa shi ke cinye su. Bambancin kawai, nata an buga ɗaruruwa, ɗaya ko biyu suka tsira. Nasa kofi ɗaya ne, da hannu.

Inda labarin ya warwatsu

Duk da haka mai nema ba zai koma hannu wofi ba, in ya san ƙofofin da zai ƙwanƙwasa.

Ƙofa ta farko rigunan kansu ne. Jirgin da gwamnatin Ingila ta aiko kogin Kwara cikin 1841 ya tsaya a Egga ta ƙasar Nufe, mutanensa suka sayi tufafi, waɗanda yau suna ajiye a British Museum a Landan. Akwai waɗansu a Balin da matafiya Jamusawa suka kai. Darajarsu ita ce an san shekarar da aka saye su, saboda haka da su a ke auna shekarun sauran. A nan gida akwai Gidan Makama a Kano, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai kuma abin da ya fi waɗannan yawa, watau adakokin gidajen sarauta. Gidan Sarkin Burmin Bakura, da na Sarkin Mafara, da na Sarkin Kayan Maradun, nan ne ya kamata ɗalibin wannan yanki ya fara kai gaisuwa. Colleen Kriger ta nuna abin da a ke iya karantawa a jikin riga, cikin maƙalarta ta 1988 kan rigunan Daular Sakkwato da littafinta Cloth in West African History na 2006. Ta ƙirga zare, ta auna faɗin ƙwarya, ta bi ɗinki ta bai, har ta iya rarrabe hannuwan da suka yi aiki a riga ɗaya.

Ƙofa ta biyu rubutun Hausawa ne da kansu. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano cikin 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi cikin 1934, ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich bayanin ƙasar Hausa da sana'o'inta cikin ajami. Douglas Ferguson ya juya shi zuwa Ingilishi cikin 1973 a Jami'ar Kalifoniya. Akwai Labarun Al'adun Hausawa da Zantatukansu na Taylor da Webb, na 1932, da Zaman Mutum da Sana'arsa da aka buga a Zariya. Waɗannan suna da amfani ga mai son ya san matsayin sana'a cikin jama'a.

Ƙofa ta uku ita ce wadda malamai suka fi rainawa, alhali kuwa tana kan teburinsu. Ƙamus ɗin Bargery ne na 1934. Bargery yana da wata al'ada mai kyau, in ya kawo babbar kalma ya kan jero sunayen ire-irenta a ƙarƙashinta. Wanda ya yi haƙuri ya bi sunayen riguna da wanduna da huluna ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko wanne a wurinsa, zai fito da kalmomin sana'a da yawa waɗanda ba a jin su a bakin maɗinkan yau. Da ya ke an sa ƙamus ɗin a intanet, aikin da dā zai ci wata yanzu mako ya ishe shi. Amma ƙamus suna ya ke bayarwa da ɗan bayani, sai an kai sunan wurin dattijo ya nuna abin da a ke nufi da allura a hannu.

Ƙofa ta huɗu David Heathcote ne (a lura, ba shi ne Heathcoat mai injin raga ba, sunan ne ya yi kama). Ya koyar a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi zauruka da kasuwanni yana tambaya yana ɗaukar hoto. Cikin 1972 ya ba da labarin tarin zane-zanen wani mai zanen riga na Kano a mujallar Savanna, sunan maƙalar ma ya kira tarin abu mai wuyar samu, gama ba kasafai mai zane ke ajiye aikinsa a takarda ba. Cikin 1974 ya rubuta kan ire-iren ɗinkin a mujallar The Nigerian Field. Cikin 1976 ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan da littafinsa The Arts of the Hausa, cikin 1979 kuma ya kammala kundin digirinsa na uku a Zariya, The Embroidery of Hausa Dress. In akwai abin da ya yi kusa da littafin allura na Hausa, to wannan kundi ne. Sai dai da Ingilishi ya ke, mai aikin da aka ɗauko ilmin daga bakinsa ba ya iya karanta shi, kuma an yi fiye da shekara 40 da rubuta shi. Elisha Renne ta ɗora daga baya, ta nuna yadda matan birnin Zazzau suka shiga aikin riga tun shekarun 1970, sana'ar da dā ta maza ce, har waɗansunsu suka kafa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina cikin 1994.

Gamawa

Mu zo ga sashen da ya fi tsaya mana a rai. Ran da aka soka allura ta ƙarshe, riga ba ta zama riga ba tukuna. Tana nan a takure, tawada ta ɓata ta, gumin hannu na watanni ya dafe ta, wurin aiki ya ja ƙyallen ya tattare. Sai an datse bakin zare, an sa shafi a ƙasa don ta yi nauyi ta zauna, an wanke, sa'an nan a kai ta mabuga. Can a kan yayyafa mata ruwa, a ninke, a ɗora bisa gungumen itace mai santsi, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna da manyan gudumomin itace, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Bugun ya kan lallatse zaren ya baje, ya toshe 'yan kafofin da ke tsakanin na tsaye da na kwance, ya kwantar da haɗin ƙwarya, har fuskar riga ta zama sumul ta riƙa mai da haske. In kore ce ko turkuɗi, a kan bi ta da garin shuni ana bugu har ta yi walƙiya kamar ƙarfe. Da wannan walƙiya ce mutanen Kura suka mallaki kasuwar Abzinawa, kamar yadda Philip Shea ya bayyana cikin kundinsa na 1975.

Matafiya da yawa sun ji ƙarar bugu sun rubuta cewa sun ji. Amma yawan ruwan da za a yayyafa wa saƙi ba ɗaya ba ne da na tsamiya, ninkin da ya dace da farar riga ba shi ne na barage ba, kuma akwai yadda a ke sassauta hannu in an zo kan aska don kada hujin nan su toshe. Wannan duka a kunne da damtsen mabugi ya ke. Mai zane ya bar zane ko da ɗaya ne, mai aiki ya bar ɗinkinsa a jikin riga ana iya bi a kwance shi a gani. Mabugi kuwa aikinsa wanki ɗaya ke tafiya da shi. Haka nan mai wankin hula, da sitacinsa da gungumensa mai siffar kai.

Turawa ma a nan ne suka fi makara. A Alençon ta Faransa, inda waziri Colbert ya kafa masana'antar leshi cikin 1665, an rarraba aikin mataki-mataki, ko wace mace da nata, na ƙarshe shi ne a goge furen da ƙafar wata dabbar teku dangin ƙaguwa don ya taso. Sa'ad da hukumar UNESCO ta sa wannan leshi cikin abubuwan gadon duniya cikin 2010, an bayyana cewa ɗan wurin da bai fi farcen yatsa ba yana cin sa'a 7, koyon sana'ar kuwa shekara 7 zuwa 10, daga baki zuwa kunne, daga hannu zuwa hannu. Ita Dillmont a babin ƙarshe na littafinta ta kawo gamawa. Ta ce a naɗa leshi a jikin kwalba a rufe da siririn ƙyalle kafin a sa shi a ruwan sabulu don kada ya miƙe, a ba shi sitaci kaɗan, a kafe ko wane ɗan kunne nasa da tsinke har ya bushe, a taso da furen da tsinken ƙashi. Bayani ne ƙanƙane, amma sai da aka yi shekara fiye da 300 ana buga littattafan zane kafin irinsa ya shiga hannun kowa.

Leshin inji da kwarashi

Leshin da ya cika kasuwanninmu tun shekarun 1960 galibi daga Lustenau ta Ostiriya da maƙwabtanta na Suwizalan ya fara zuwa. In an bi diddigi surfani ne na inji a jikin yadi, aka huda shi, sunan leshi kawai ya ara. An yi nunin tarihinsa a Biyana cikin 2010. Abin da ya fi kusa da leshin hannu a ɗakunan matanmu shi ne saƙar kwarashi, wadda sunanta ma baƙo ne, ta kuwa yaɗu bayan da aka buɗe makarantun 'yan mata, waɗanda na farkonsu a Kano da Katsina ne cikin 1930. Ita ma da ido a ke ɗaukarta, wannan ta ga bakin mayafin waccan ta ƙirga ƙulli. A wajen maza kuwa keken surfani ya fara rage wa allura kasuwa, yanzu ga na kwamfuta, wanda ke zuba aska takwas a jikin shadda cikin yini guda.

Akwai wani labari daga tsibirin Burano kusa da Benis da ya kamata malaman Zamfara su sani. Cikin 1872 sanyi ya daskarar da ruwa, masunta suka rasa abinci, aka ce a farfaɗo da leshi don mata su sami abin yi. Littattafan zane suna nan, amma aka rasa mai iya ɗinkin garin sai wata tsohuwa guda, Cencia Scarpariola. Aka haɗa ta da wata malamar makaranta, Anna Bellorio d'Este, ta zauna gefenta tana kallo tana koya wa 'yan mata, da haka makarantar leshi ta Burano ta tashi, ta yi aiki har 1970.

Halin da yankin Bakura ke ciki ya sa wannan labari ya zama na gaggawa. Cikin Fabrairu 2021 aka sace 'yan makarantar Jangebe, cikin Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a ƙarshen daminar kuma gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Ƙauyuka da yawa sun tashi. In ƙauye ya tashi, saurayi ya kan sami wata sana'a a birni, dattijo kuwa ya bar gungumensa a baya, gama ba abin ɗauka a ka ba ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan dattawa suna zaune yanzu a Talata Mafara da Gusau da Sakkwato, kusa da Kwalejin Ilmi ta Maru, inda Malam Aminu Kano ya taɓa koyarwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da sassan Hausa na jami'o'inmu. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundi a kansa ba ya bukatar kuɗin mota mai yawa. Ya tafi da jerin kalmomin da ya tsamo daga Bargery, da hotunan zanen Heathcote, da wayar da ke ɗaukar hoto mai motsi, da kuma ƙyalle da zare da allura, gama dattijo ya fi faɗin gaskiyar sana'a in hannunsa na aiki. Ya rubuta da Hausar Zamfara yadda aka faɗa masa, kada ya gyara ta zuwa ta Kano. In ya zo ga mabugi, ya tambayi yawan ruwa, da yawan ninki, da nauyin guduma, da fuskar da a ke fara bugu, da sunan itacen da aka sassaƙa gungumen da shi.